Goggona da Ta Kai Rani Kuala Lumpur

Daga wurin Allah muka zo, can kuma za mu koma, wani ya riga wani ne kawai. Goggo ta riga mu ranar wata Talata da hantsi, a wani asibiti a nan Kuala Lumpur. Kafin maza su dawo daga maƙabarta, ɗan gidanmu na hawa na tara a unguwar Setapak ya cika, ba masaka tsinke. Wallahi ban san tsohuwar nan ta tara jama'a haka ba. Matar da ba ta jin Turanci, Malayancinta kuma bai wuce "makan" da "boleh" ba, wato ci da zai yiwu, sai ga ƙabilu iri-iri suna cire takalmi a ƙofarmu saboda ita.

Wadda ta fara shigowa ita ce Makcik, tsohuwar Bamalayiya ta hawa na bakwai. Makcik ɗin kamar a ce Inna ne a bakinsu. Ta shigo rungume da gwangwanin madara mai 'yar shuka a ciki, tana kuka tana nuna min shi, tana cewa, "Kakak, kakak," wai yayarta ta tafi. Bayanta sai ga ɗan ƙabilar Ibon da ke aika mana kaya gida, ƙato guda, ya tsaya a bakin ƙofa yana share ido da bayan hannu.

Ya ce, "Madam, na true? Mama don go? Who go abuse me now?" Damuwarsa ke nan, wai yanzu wa zai riƙa zaginsa.

Matan ɗalibai suka yi ta shigowa, kowace da labarinta, kuma kusan kowane labari sai ka ji tukunyar shuka a cikinsa. Can da yamma wani dattijo ɗan Caina, mai lambun sayar da furanni a bayan gari, ya hauro da buhu a kafaɗa. Ya ajiye buhun, ya ɗan sunkuya, ya juya. Da aka buɗe, sai ga yashi mai tsakuwa! Wata ta ce, "Ikon Allah, yau ga ta'aziyya da yashi." Falon ya ɗauki dariya, ana yi ana share hawaye, har sai da malamin da ke zaune a waje tare da maza ya yi gyaran murya.

Ita kuwa 'yar Goggo ɗaya tilo, taubashiyata da ke aure a Kanada, ba ta samu jana'iza ba. Ta kira ta yi kuka har muryarta ta dishe, sannan ta ja hanci ta ce, "Ke, kariyar fa? Tana nan?" Na ce tana nan lafiya lau. Da na san abin da ke faruwa a baranda a daidai lokacin, da ban amsa da ƙarfin gwiwa haka ba.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da ita. Kuma ina gargaɗi tun yanzu, duk wanda ya zo neman labarin tsohuwa mai sanyin hali ya sake gida, Goggona wuta ce.

Yayar mahaifina ce. Da na haifi 'yata ta fari a nan, mahaifiyata ba ta raye, sai aka turo Goggo ta yi min wankan jego. Kwana arba'in ta zo yi. Daga nan ta mai da hanyar kamar ta zuwa kasuwa, shekara shida tana zuwa tana komawa, kowane zuwa ya fi na baya daɗewa. Maigidana yana koyarwa a wata kwaleji, ni kuma ina karatun digiri na uku. A riƙe wannan da kyau don zai yi amfani a gaba: karatun nawa a kan ban ruwa ne, yadda ake shayar da gona.

Satinta na farko ba abin da ya burge ta. Muka kai ta bakin tafkin Titiwangsa don ta ga kore shar, ta duba hagu ta duba dama ta taɓe baki. Ta ce, "Wannan ƙasa kullum damina? To yaushe itatuwan suke hutawa? Ƙasar da tsumma ba ya bushewa ai ba ƙasa ba ce, randa ce." Ita 'yar kan dutse ce, a ƙauyensu ruwan sama baƙo ne mai zuwa wata uku ya kama gabansa.

Abin ya sauya ne ranar da Makcik ta ja mu lambunan bayan gari. Muna tafe tsakanin furanni, Goggo tana ta hamma, kawai sai na ji ta kurma ihu.

"Kariya! La'ilaha illallahu, 'yar nan, zo ki ga kariya!"

Na ɗauka maciji ne. Ashe wata shuka ce mai ƙaton gindi kamar tulu, da 'yan rassa gajeru. Goggo ta durƙusa a gabanta tana shafa ta kamar ta ga 'yar ɗakinsu. Ta ce irinta ce cike da duwatsun bayan gidan marigayi mijinta, ko akuya ba ta kallonta, amma a tsakiyar rani, lokacin da komai ya bushe, sai ta zubar da ganye ta fito da fure ja-ja a kan reshe tsirara. A nan kuwa ga ta an ɗaura mata jan ƙyalle an ɗora a kan teburi kamar amarya. Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kin ga abin da fita waje ke yi wa mutum ko?"

Ba mai jan ƙyallen ta ɗauko ba. A bayan rumfa, cikin tarin shara, ta hango wata da aka jefar, gindinta ya ruɓe gefe guda, yana wari. Ta nuna wa dattijon nan ɗan Caina ta ce, "Boleh?" Ya girgiza kai yana nuna mata da hannu cewa ta mutu. Ta ce masa da Hausa tsantsa, "Kai ne ka mutu." Ya yi dariya kamar ya ji, ya sa mata a leda. Wannan ita ce uwar kariya, wadda taubashiyata ke tambaya.

Daga ranar nan gidanmu ya shiga uku. Duk shukar da ke da ganye mai kauri, mai ɓoye ruwa a jikinta, Goggo sai ta mallake ta. Ba saya take ba, tsinta take. Ganye ɗaya da ya karye ya faɗi a ƙasa ya ishe ta, sai ta ƙulle shi a bakin mayafi, ta zo ta kwantar da shi a kan yashi, bayan sati biyu ka ga ya yi saiwa. Mun taɓa zuwa sayen mayafai a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, na juya na nemi Goggo na rasa, hankalina ya tashi na yi ta shiga shaguna ina haki. Can na same ta tsugune a ƙofar wani kedai, kanti ke nan, ita da mai kantin suna raba wata zabuwa biyu da wuƙar yanka yadi.

Tukwane kuwa ba ta yarda da na roba. Gwangwanin madara, tsohuwar samira, kofin shayi mai karyayyen hannu, duk sai ta huda musu gindi da ƙusa. Wata rana na nemi tukunyar miyata sama da ƙasa, ashe tana baranda da huji bakwai a ƙasanta, uwar kariya na zaune a ciki. Na ce, "Haba Goggo, sabuwa ce fa!" Ta ce, "Shi ya sa. Tsohuwa zan ba ta?"

Waɗanda ta sani tun gida tana kiransu da sunansu: kariya, zabuwa da 'yan zamani ke ce wa alobera, karan masallaci, shuka-halinka. Baƙin kuwa ita ke raɗa musu suna. Akwai 'Yar Kabeji, akwai Carbi mai zubo ƙwayoyi kore, akwai wata mai ƙaya da farin gashi da ta sa wa Tsohuwar Banza. Da safe bayan ta idar da lazimi sai ta fita baranda tana bin su ɗaya bayan ɗaya, tana matsa ganye da yatsa biyu. Wadda ta ji ta yi tauri sai ta ce, "Ke kin ƙoshi, rufe min baki." Sai wadda ta fara yamushewa take ɗiga wa ruwa, shi ma da murfin gora, ba ta wuce murfi biyu.

Haka take da mutane ma. Ba ta iya lallashi ba, amma duk ɗalibar da ta iso sabuwa tana kukan gida, Goggo za ta cika mata ciki da tuwo, ta zazzage ta tas, sannan ta miƙa mata gwangwani ta ce, "Ungo. Ba ta son a dame ta, ke ma ki daina damun mutane." Akwai wata matar ɗalibi da ta yi ɓari sau biyu, ta shige ɗaki ta daina fita. Goggo ta hau mota ita kaɗai ta je, ba ta yi mata wa'azi ba, ganyen shuka-halinka ɗaya ta ajiye mata a bakin taga ta ce kada ta taɓa. Da kwanaki suka tafi, sai ga 'ya'ya ƙanana sun tsiro a gefen ganyen nan da ya faɗi, jere reras. Matar ta ba ni wannan labari a wurin makoki da goyo a bayanta, tana yi tana kuka.

Yanzu bari in tona asirin kaina. A shekara ta biyu Goggo za ta koma gida azumi, ta tsayar da ni a baranda ta ce, "Kar ki taɓa su. In kin ga kamar za su mutu, ƙarya suke." Na ce to. Tana tafiya na dubi bayin Allah nan cikin yashi busasshe, tausayi ya kama ni, ilimi kuma ya motsa. Ni da nake rubuta kundi a kan ban ruwa, a ce shuka na ƙishirwa a gidana? Na samo goruna da siririn tiyo, na haɗa musu ban ruwa na ɗigo, kowace tukunya da nata bakin. Har hoto na ɗauka na nuna wa abokan karatu, suna ta yaba min.

Garin neman gira aka rasa ido. Kafin Goggo ta dawo, rabinsu sun narke sun zama kamar dafaffiyar kuɓewa. Ta shigo, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce baranda, ta daɗe a tsaye. Kwana uku ba ta ce min komai ba sai amsa gaisuwa. A na huɗu muna cin abinci ta dubi maigidana ta ce, "Wai wannan digirin nata, in an gama, gonar wa za a ba ta? Ina so in je in yi masa jaje tun yanzu."

Maigidana ya ƙware da ruwa. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce, "Goggo, ciyayi ne fa! A kan ciyayi kike gaba da ni?"

Ta ajiye cokali. Ta ce, "Ciyayi ne. Amma amana na ba ki, ba ciyayi ba. Ke matsalarki, in kina son abu sai kin yi ta ɗura masa har ya shaƙe." Maganar ta soke ni, don gaskiya ce, haka nake da miji, haka nake da 'ya'ya. Na shiga ɗaki na sha kukana. Da la'asar ta leƙo ta ce, "In kin gama, ɗauko wuƙa."

Ranar ta koya min aikin. Uwar kariya ma ruɓar ta taɓa ta. Goggo ta tumɓuke ta daga tukunya, ta karkaɗe ƙasar, ta sa ni yanka wurin da ya yi laushi. Ina ɗan shaftar gefe-gefe, ta daka min tsawa: "Ruɓa ba a yi mata kara! Yanka har sai kin ga fari." Da muka kai farin nama, ta ɗebo toka daga kaskon turaren wutarta ta shafe ciwon, ta rataye shukar a igiyar shanya, saiwa a waje. Ta sa na wanke hannu sau uku, ta ce ruwan kariya dafi ne, da shi maharba ke shafa kibiya a da. Sati uku tana rataye kafin ta mai da ita cikin sabon yashi, kuma ta tashi.

Babban shagalin Goggo kuwa shi ne watan Nuwamba. A lokacin ne ruwan ƙasar nan ke haukacewa, ya riƙa zuwa a karkace yana feso baranda kullum da yamma. Da ta ga hadari ya fara wannan salon sai ta tafa hannu ta ce, "To, jama'a, rani ya zo!" Duk gidan sai mun tashi. A kwashe tukwane kaf a shigo da su falo, a jera a bakin taga inda rana ke faɗowa, a juya musu fanka. Daga ranar ba mai ganin ɗigon ruwa sai an kwana arba'in. Wai tunda ƙasar ba ta da rani, ita za ta yi musu nata. Baƙo in ya zo sai ya zauna a takure, don kujera ɗaya ma ta 'Yar Kabeji ce.

Abin daɗin, a daidai watan ne 'yarta a Kanada take nata kwashe-kwashen. Can sanyi ne ke kashe shuka, dare ɗaya in ƙanƙara ta sauka an gama. Ita ma sai ta shigo da tukwanenta, masu laushin ta rage musu rassa ta kai ɗakin ƙasa ta kunna musu fitila, ta rage musu ruwa har sanyi ya wuce. Sai su kira juna ta bidiyo, uwa da 'ya, kowace tana haki tana nuna nata jerin.

"Inna, na shigo da talatin yau, bayana kamar zai karye!"

"Talatin ɗin me? Raguwa! Ni da tsufana na gama tun azahar."

"Ai ke kina da 'yar aiki mai digiri."

Ni ke nan. Daga kicin nake ramawa, don tsakanina da taubashiya ba a barin bashin tsiya ya kwana. Goggo kuwa ta ce, "Ke sanyi, ni ruwa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Kuma wallahi abin yana ci! Wajen ƙarshen kwana arba'in uwar kariya za ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, ka rantse ta mutu, sai kawai wata safiya ka ga jan abu a kan reshe. Ranar Goggo guɗa take rangaɗawa a hawa na tara. Ta ci ado da atamfa, ta sa a kira Makcik, ta tura maigidana ya yi mana tapau, wato ƙunshin abinci daga shagon mamak, Indiyawan nan masu abinci a ƙasan bene. Su zauna ita da Makcik a gaban fure suna shan shayi, wannan na zuba Hausa, waccan na zuba Malayanci, suna ta ƙyalƙyala dariya. Na taɓa tambayarta me suke cewa. Ta ce, "Ina ruwanki? Gulmarki muke."

Bana ma an yi ranin. Mun shigo da tukwane da 'yan kwanaki sai ciwon ciki ya kayar da ita. Likitoci suka ce sai an yi aiki da safe, kuma kada ta ci kada ta sha komai kafin nan. Da gari ya waye ina zaune a gefenta da gorar ruwa a hannu, sabuwa, ban ko buɗe ba. Leɓenta ya bushe ya tsage. Ta dubi gorar ta ce, "'Yar nan, ɗan jiƙa min maƙoshi mana." Na ce, "Goggo, sun hana. Ki yi haƙuri, kina fitowa zan ba ki." Ta sake roƙo, na sake hanawa, zuciyata kamar ta tsage. Sai ta yi murmushi ta ce, "Oho, yau ni ce kariyar. To madalla, 'yar ban ruwa ta iya hana ruwa." Da aka zo tura gadonta ta kamo hannuna. "Tukwanena. Kar ki bari kowa ya ba su ruwa, ko limamin Makka ne."

Ba ta fito ba. Na dawo gida da gorar a jaka, kuma ban iya fito da ita ba. Na san umarnin likita na bi, kowa ya faɗa min haka, amma abin da ke cina shi ne Goggo ta roƙe ni ruwa sau biyu a duniya na hana ta.

To ga yadda aka yi da amanar. Da mata suka cika gida, sai maigidana da abokansa suka kwashe tukwane daga falo suka jera a doguwar barandar waje, inda aka shimfiɗa wa maza tabarmi. Ni ina ciki, ban san inda kaina yake ba. Mutanenmu kuwa kun san mu, ba ma son ruwan alwala ya tafi a banza, a gida ma gindin bishiya ake nema. Ga tukwane a jere, ga butoci. Wani ya ce ai shukar marigayiya ce, duk wanda ya shayar da ita ladan na isa kabari. Shi ke nan! Kwana uku, salla biyar, maza wajen talatin, kowa ya tsuguna a kan tukwanen Goggo yana nema mata lada. Wanda ya rage ruwa a buta ma sai ya juye wa uwar kariya, don ita ce babba.

Ranar sadakar uku muna ciki sai muka ji ihu a baranda: "Tak boleh! Tak boleh!" Ba ya yiwuwa ke nan. Muka fito a guje. Me za mu gani? Makcik, 'yar tsohuwar da ba ta kai kafaɗata ba, ta cafke butar Alhaji, babban ɗan kasuwar mayafai da duk 'yan arewa ke girmamawa a nan, suna ja-in-ja. Shi ga hannun riga a naɗe, ƙafa ɗaya a wanke.

Yana cewa, "Makcik, sabar lah!" wato ta yi haƙuri. Da ya hango ni ya ce, "Hajiya, don Allah ki yi mata explaining, lada muke nema wa Goggo!"

Na dubi tukwanen, ruwa kwance a kowace har yana zuba. Na ɗora hannu a ka na ce, "Alhaji, kun kashe ni! Sau biyu ke nan!" Ba wanda ya gane sau biyun sai maigidana. Da aka yi wa Alhaji bayani ya saki buta yana salati, ya ce shi tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin shukar da ruwan alwala ke kashewa ba.

Muka kwashe su ni da Makcik, muka zazzage jiƙaƙƙen yashi, buhun dattijon nan ɗan Caina ya yi rana. Duk da haka Carbi ta tafi, 'Yar Kabeji ta tafi, Tsohuwar Banza ce kawai ko gezau. Uwar kariya kuwa na yi ta addu'a, amma ranar bakwai na danna gindinta yatsana ya shige. Ga wari. Na zauna daɓas a ƙasa. Sai na ji tsawar nan a kunnena kamar tana tsaye a kaina, na tashi na ɗauko wuƙa.

Na yanka. Baƙi. Na ƙara, ruwan ƙasa. Ina yi ina kuka ina cewa, "Ba kara, Goggo, ba kara," har sai da kusan rabin gindin ya tafi sannan fari ya bayyana. Na shiga ɗakinta neman toka, sai ga kaskonta a bayan ƙofa da tokar turaren da ta ƙona da hannunta a safiyar da ta kwanta ciwo. Da ita na shafe ciwon. Na yage bakin tsohon ɗankwalinta na rataye shukar a bakin taga, na juya mata fanka.

Sannan aka shiga jira. Ganye ya zube, rassa suka yamushe. Kullum hannuna ƙaiƙayi yake, zuciyata na cewa ɗan fesa mata kaɗan mana, ji yadda ta koma. Sai in tuna "ƙarya suke," in sa hannun a bayana in wuce. Taubashiyata in ta kira ta ce a nuna mata, sai in ce hoton ba ya fita. Daga baya na gaji na faɗa mata gaskiya. Ba ta ko tsokane ni ba, wannan ya fi min zagi ciwo.

Taubashiyar ta iso ana jibi sadakar arba'in. Da safen arba'in ɗin ina kicin ina fama da waina sai na ji guɗa a falo, irin ta Goggo sak, har ludayi ya faɗi daga hannuna. Na fito na same ta tsaye a bakin taga tana nuni tana tsalle, ƙatuwar mace da 'ya'ya uku.

"Ke 'yar ban ruwa! Zo ki ga tsiyar Inna! Zo ki gani!"

A kan reshen da ya fi kowane yamushewa, ga ƙunshin fure uku, ja-ja, ɗaya har ya fara buɗe baki. Ba ƙasa, ba tukunya, tana rataye da tsumman ɗankwali! Na kurma ihu, muka rungume juna muna tsalle muna kuka, aka aika a kira Makcik, ta hauro ba ko takalmi. Alhaji da ya zo addu'a ya leƙo ya yi kabbara, ya ce shi dai yau a masallaci ya yi alwalarsa, a shaida.

Bayan an shafa fatiha muka sauke ta. Taubashiyata ta riƙe, Makcik ta zuba sabon yashi a tukunyar miyata mai huji bakwai, na danna gefe-gefe da yatsa. Sai taubashiyar ta ce, "To, rani ya ƙare. Wa zai ba ta?" Duk suka dube ni.

Na shiga ɗaki na buɗe jakar da ban taɓa ba tun ranar asibiti. Gorar na nan yadda take. Na ɓalle murfin, na cika shi, na durƙusa a gaban tukunyar.

Na ce, "Goggo, kin fito. Ga ruwanki."

Murfi biyu na zuba, hannuna na son ƙarawa, na rufe gorar. Allah Ya jiƙan Goggo, Ya shayar da ita daga tafkin da ba a ƙishirwa bayansa, can inda ba mai hana ta.